Man Shanun Turdukan

A Kara-Bulak babu sabon abin da ya taɓa shiga gidan Turdukan bai ɗanɗani man shanu ba. Ƙofa ce aka kafa, ko gadon jariri aka sassaƙa, ko goɗiya ce ta haihu, sai ta kwance bakin tumbin ragon da take ajiye narkakken mai a ciki, ta lakato, ta yi bisimilla, ta shafa. Ba ita kaɗai ke yi ba, haka kowace uwa take yi a ƙauyen don roƙa wa abu albarka. Bambancin kawai, sauran mata ɗan yatsa suke dangwalawa su wuce, ita kuwa murzawa take yi har sai mai ya shige.

Tana budurwa aka kawo ta daga bayan tsauni, bisa doki, fuska a lulluɓe. Mijinta Jumakadir makiyayin dawakin gonar gwamnati ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya ce “to” an gama hira. Lokacin ciyawa su hau tudu da garke, ta tatsi goɗiyoyi, ta kaɗa nono a salka. Sanyi na kawo jiki su sauko ƙauye. Amarya ba ta kama sunan dangin miji, sai dai ta laƙaba wa kowa nata. Ƙanen mijin, Shailo, a lokacin hancinsa kullum a jiƙe yake, ta sa masa Mai Majina. Yau gemunsa ya yi fari tas, yana da jikoki, amma sunan bai sake shi ba. Shi kuma jenge yake ce mata, yadda ake kiran matar yaya.

Gonar gwamnati ce ta ba Jumakadir bindiga saboda kyarketai. Tsohuwar bindigar Rasha ce da ta ga yaƙi tun ba a haife shi ba, doguwa, mai nauyin taɓarya, ƙotarta ta itace ta yi baƙi don gumin hannu. Irin mai sakatar nan ce: ka ɗaga, ka ja baya, ka tura, ka kwantar, sannan ka harba guda. Sakatar takan yi girgiɗi a gidanta kamar haƙorin tsoho, amma bindigar tana tashi. Da Shailo ya kai mutum aka ba shi 'yar'uwarta, suka riƙa fita tare.

A farkon aurensu yatsa kawai Turdukan take dangwala wa ƙotar, yadda ta ga surukarta tana yi. Abin ya canja ne bayan Aijamal.

Aijamal 'yarsu ce ta fari. Ba ta daɗe da fara makaranta ba karen maƙwabta ya yagi diddigenta, 'yar yaguwa da ba ta fi tsawon ƙwayar sha'ir ba. Turdukan ta ɗaure wurin da tsumma, yarinya ta koma wasa. Ba wanda ya san cewa wata mahaukaciyar yanyawa ta ciji karen. Ciwon haukan kare ya tashi a jikinta ne a shekarar da gonar gwamnati ta watse, babu mota a ƙauyen, hanya kuma ƙanƙara ta toshe ta. Abin da Turdukan ta gani a kwanakin ƙarshe na 'yarta ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta ce mata da an wanke wurin da sabulu sosai, an kai yarinyar an yi mata allura kafin ciwon ya nuna, da ta rayu. Matar ba da mugunta ta faɗa ba, don gaba ta faɗa.

Tun daga nan fitar kowa daga gidan ta zame mata wahala. Duk safiyar da Jumakadir zai tafi farauta sai ta ɗauko bindigar, ta zare sakatar yadda ta ga yana yi, ta kanga ta a gefen murhu ta ɗau ɗumi, ta murza mata mai har ya narke ya bi kowace kafa ya shige ciki. Shi kuwa yana zaune yana shan shayi. Ya karɓa ya rataya ya fita, da yamma ya dawo. Kusan shekara talatin ana haka, bai taɓa dawowa da ko ƙwarzane ba. A kan shimfiɗarsa ya rasu, da ciwon ƙirji.

Takardar bindigar da sunansa take, don haka aka mayar da ita ga hukuma. Manyan 'ya'yan sun watsu birni. Autansu Mederbek, wanda yana gadon jariri lokacin rasuwar Aijamal, shi ya zauna da dawakin, da matarsa Gulzat, da tsohuwar. Da kaka ya je birnin Bishkek ya dawo da tasa bindigar a cikin akwati mai soso. Ita ma mai sakata ce, amma gajeriya, mara nauyi, ƙotarta baƙar roba, da madubi a gadon bayanta mai jawo abin da ke nesa.

Bindigar nan ta ba mazan Kara-Bulak abin yi har hunturu ya shigo. A bakin shago, a ƙofar masallaci, a gidan suna, maganar ɗaya ce: ko ƙirar yanzu ta kai ta da? Tsofaffi suka ce ta da ƙarfe ne da aka yi don soja ya mutu ya bar wa wani, ta yanzu kuwa an yi ta ne don a sayar. Matasa suka ce tsofaffin sun manta sau nawa suka harbi akuyar dutse suka samu dutsen. Shailo ya fi kowa zaƙewa. Ya karɓi bindigar ya ja sakatar, ta zame shiru ba ko motsi, ya taɓe baki.

“Wannan ai ta ɗaukar hoto ce. Tawa ta faɗa kogi, doki ya taka ta, ta kwana a ƙanƙara, da safe ta tashi. Wannan in ta ji sanyin kan tudu bargo za ta nema.”

“Baffa, taka ba kisa take yi ba, kora take yi,” in ji Mederbek. “Tun daga wancan kwarin dabba ke jin ƙarar sakatarka ta kama gabanta.”

Ya ɗora kwalin ashana a kan wani dutse can nesa, inda tsofaffin ba sa ko ganinsa, ya harba ya tarwatsa shi. Shailo ya ce ya yi kyau, sai dai bai taɓa jin kwalin ashana ya ciji mutum ba.

A gida Mederbek ya ja kunnen uwarsa cikin ladabi. Ya san halinta, da idonsa ya tashi yana gani.

“Apa, don Allah wannan kada ki taɓa ta. Tana da nata man na kamfani, ba ta cin abincinmu.”

Ta ce to.

Hunturu ya tsaya sosai, irin sanyin da in ka kama ƙarfe da hannu tsirara yake riƙe fatarka. A cikinsa ne wani kyarkeci ya shigo gidan ƙarshe na ƙauyen da rana tsaka, shi kaɗai. Ya ciji maraƙi, ya ciji kare, ya kama dirkar shinge ya yi ta tauna, bai ci komai ba ya juya ya tafi a hankali, ana yi masa ihu ko waiwaye bai yi ba. A Kara-Bulak ba a kama sunan kyarkeci, “na dawa” ake cewa, amma ranar kowa ya ƙara masa kalma ɗaya: na dawa ya haukace. Aka kashe karen da maraƙin aka ƙone, aka kulle yara a ɗaka. Maza suka raba kwaruruka a tsakaninsu don su neme shi washegari. Mederbek ya ɗauki kwarin da makwancin garkensu na hunturu yake, domin fili ne, madubinsa zai yi aiki, ba ya bukatar abokin tafiya.

Da safe yana waje yana ɗaura sirdi, Turdukan ta tsaya tana kallon bindigar jingine da bango. Ta san ta yi alkawari. Amma wannan ba irin na dawan da ke gudun mutum ba ne, wannan zuwa yake yi, kuma ba sai ya kashe ba, haƙori ɗaya ya isa. Ta tuna ubansa bai taɓa fita da busasshiyar bindiga ba. Sai da ta ɗan sha wahala kafin ta gano ɗan maɓallin da ke sakin sakatar. Ta kanga ta a murhu, ta murza mata mai da yawa, ta jujjuya ta har ya tsiyaye ciki, sannan ta goge bayanta tas da farin ƙyalle don kada ya gani, ta mayar. Ya shigo da ƙanƙara a gira, ya ja sakatar a ɗumin ɗaki ta zame lafiya lau, ya zuba harsasai, ya sunkuya ta shafa kansa, ya fita. Ranar ce ta farko tun rasuwar Jumakadir da ta ji ta iya komawa ta zauna bayan fitar ɗanta.

Da hantsi Shailo ya shigo yana ɗingishi. Gwiwarsa ta kumbura, shi ya sa aka bar shi gadin ƙauye, tsohuwar bindigarsa a kafaɗa.

“Jenge, zubo mini mai zafi, ba wanda kika ɗauraye tukunya da shi ba.”

“Goge hancinka tukuna, Mai Majina, kada ka ƙara mini gishiri a shayi.”

Ya zauna ya fara mitar da ya saba. Ya ce jiya ya yi wa yaron tayin tasa, yaron ya yi dariya. Ya ce 'yan yanzu ba su san cewa irin wannan dabbar dama ɗaya take ba mutum ba. Ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta da robar nan ba.

“Kwantar da shi,” in ji Turdukan, tana miƙa masa kwanon shayi. “Na ciyar da ita.”

“Kin ciyar da wa?”

“Bindigar. Yadda nake yi wa ta yayanka.”

Shailo ya karɓi kwanon, ya ajiye a kan ledar cin abinci bai kai baki ba.

“A ƙota?”

“Ƙota roba ce, me za ta sha? A sakata. Har ciki.”

Ta ga jinin fuskarsa ya janye. Bai dube ta ba, gurasar da ke gabansa ya yi ta kallo yana magana, da wata murya da ba ta san shi da ita ba. Ya ce hunturun farko bayan Aijamal, bindigar Jumakadir ta ƙi tashi a gaban akuyar dutse. Suka kwance sakatar a nan kan ƙanƙara, suka tarar mai ya daskare kamar kyandir, ya riƙe allurar da ke dukan gindin harsashi. Tun daga ranar, duk fitar da za su yi, da sun ƙetare gada sun sha kwanar babban dutse inda ba a hango su daga ƙauye, sai Jumakadir ya sauka daga doki. Yana da kwalbar kananzir a wata tsagar dutsen. Ya kwance sakatar gaɓa-gaɓa, ya wanke, ya busar a jikin rigarsa, sannan su wuce. Shailo ya ce ya sha ce masa ya gaya mata kawai a huta.

“Me ya ce?”

“Ya ce, in ta shafa tana iya zama ta jira. In na hana ta, da me za ta zauna?” Ya ɗago ya dube ta. “Tamu ma ke nan mai sakakken ciki, jenge. Tasa a matse take.”

Turdukan ta miƙe. Ta ɗauko kwalbar kananzir daga inda fitila take, ta sa a aljihun rigar fatarta. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ta dawo ta ɗauki sandar sabulun wanki ta sa a ɗaya aljihun. Shailo ya ga sabulun, ya ɗauki bindigarsa. Gulzat tana ta danna waya, ko da yake duk sun san daga gada zuwa sama waya ba ta shiga. Turdukan ta ce mata ta bar wayar, ta je ta ce wa maƙwabcinsu mai mota ya kunna wuta a ƙarƙashin injin ya ɗumama shi, ya jira a bakin gada.

Ta fi shekara sittin, amma a kan doki aka haife ta. Ita ce a gaba, Shailo a baya, ƙafarsa mai ciwo a waje da likkafa. Suka ƙetare gada, suka sha kwanar babban dutse. Ba ta yi niyyar dubawa ba, idonta ne ya kai. Tsagar tana nan daidai ƙugun mutum, da wuyan wata koriyar kwalba ya ɗan leƙo, an toshe bakinta da tsumma. Ba ta ja linzami ba.

Abin da take sauraro ƙarar bindiga ce. A sanyi irin wannan harbi yakan yi tafiya daga ƙarshen kwari har ƙauye, ya bugi tsauni ya dawo. Ta ture ɗankwalinta daga kunne ɗaya, sanyi ya kama kunnen ya fara cinsa, ta bar shi haka. Babu komai sai ƙarar ƙanƙara a ƙarƙashin kofato da numfashin dawaki. Ta gaya wa kanta shirun nan yana iya nufin bai gamu da shi ba. Ta kuma san abu na biyu da shirun yake iya nufi, sai ta riƙa juya su biyun a ranta, wannan ya hau wancan ya sauka, har ta kasa tsayawa a kan ko ɗaya.

Sawun dokin Mederbek ya miƙe ɗoɗar a gabansu. Can sama da inda rafi ya rabu biyu wani sawu ya shigo daga hagu, manyan dagi, yana tafiya yana karkacewa kamar na mashayi, ya yi da'ira babu dalili, ya dawo. Suka wuce wani kututture da aka tattauna, ɓawonsa a warwatse, da dalala ta daskare a jikinsa kamar zaren gilashi. Daga nan sawun ya hau kan na dokin ya bi shi.

Shailo ya sauke bindigarsa daga kafaɗa ya ɗana ta. Sakatar ta yi ƙarar da aka saba yi masa dariya a kanta.

Dokin Mederbek suka fara gani. Yana tsaye cikin 'yan itatuwan bakin rafi, sirdi ba kowa, guntun ragama yana lilo inda ya tsinke ta, jikinsa yana karkarwa. Turdukan ta miƙe a kan likkafa tana dube-dube. Ta buga wa goɗiyarta diddige.

Makwancin garken katangar duwatsu ce da 'yar bukkar ƙasa a kusurwa. A bakin ƙofar bukkar wani abu toka-toka yana kwance, ƙanƙarar kewayensa a tattake, ja-ja. A kan katangar Mederbek yana zaune, ba hula, shebur ɗin da ake yankan busasshen kashin tumaki da shi a kan cinyarsa. Da ya gan su ya ɗaga hannu ɗaya, a hankali, kamar wanda aka tasa daga barci.

Ba ta rungume shi ba. Ta sauka ta tsaya a gabansa ta ce, “Sauko. Tuɓe.”

“Apa, lafiyata ƙalau. Bai same ni ba.”

“Tuɓe.”

Yana kwance maɓallai yana ba su labari, haƙoransa na haɗuwa. Ya ce tun daga nesa ya ga na dawan a madubi yana sassarfa a bakin rafi, kai a sunkuye. Ya kwanta a kan katanga ya auna tsakiyar ƙirjinsa, ya bari ya matso don kada ya yi kuskure, ya ja kunama. Sai ya ji ɗan sauti laushi, kamar an danna yatsa a matashin kai. Ya ɗauka harsashin ne, ya fitar ya sa wani. Haka. Ya sa na uku, shi ma ya ƙi, a lokacin ba ya bukatar madubi. Dabbar ta tsallako katanga ba tare da ko gurnani ba. Ya tura mata ƙotar bindigar a baki ta kama, suka yi ta juyi, yana ja da baya har bayansa ya bugi ƙofar bukka, hannunsa ya faɗa kan shebur.

Hannun rigar fatarsa na hagu ya yi tauri da daskararriyar dalala. Turdukan ta cire masa ita da kanta, ta jefar can gefe. Ta cire rigar ulun da ta saƙa masa, ta ɗaga ta sama tana neman huda. Ta cire ta ciki. Ya tsaya tsirara daga ƙugu zuwa sama a cikin wannan sanyi, tsikar jikinsa ta tashi, tururi na tashi daga kafaɗunsa. Ta bi shi da ido da yatsa kamar yadda take duba shi yana jariri: wuya, bayan kunne, hammata, haƙarƙari, cibiya. Ta juya shi ta duba baya. Ta tsuguna ta laluba wandonsa daga cinya zuwa takalmi. Babu komai. Shailo ya fara hamdala.

Sai ta zare masa safar hannu.

A cikin wuyan hannunsa na hagu, daidai ratar da ke tsakanin safar hannu da bakin riga, akwai ɗan jan layi, siriri kamar zaren ɗinki, da ɗigon jini ɗaya da ya bushe a ƙarshensa.

“Ƙusar ƙofa ce, Apa.”

“Ka ga lokacin da ta yage ka?”

Ya dubi layin. Sannan ya ce a'a.

Ta yafa masa tata rigar fatar ta ja shi bakin rafi. Shailo ya fasa ƙanƙarar da gindin tsohuwar bindigarsa har ruwa ya ɓullo baƙi wuluk. Ta durƙusa ta tsoma hannun, ta goga sabulu, ta matse wurin har sabon jini ya fito, ta ɗauraye, ta sake gogawa. Sabulun ya ƙi kumfa don sanyi, ta hura masa numfashi ta ci gaba. Hannunsa ya yi ja, ya yi fari. Nata yatsun ta daina jin su, sai da ido take ganin suna aiki. Tana cikin wankin, kanta a sunkuye, ta ce:

“Ba harsashi ba ne. Ni na shafa mata mai, kana ɗaura sirdi.”

Ruwa ya yi ta gudu a ƙarƙashin ƙanƙara. Ta jira. Ta ji hannun ya ɗan yi tauri a cikin nata, sannan ya saki.

“Shi ya sa,” in ji shi. “Tun safe nake jin ƙamshin gurasa da mai, na ce yau wace irin yunwa ce wannan.”

Ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Ta ƙara goga sabulu.

Shailo ya zauna a kan dutse ya zare sakatar sabuwar bindigar. Mederbek yana gaya masa daga bakin rafi yadda ake kwance ta. Ya tsiyaya mata kananzir, guntayen mai rawaya suka zubo kan ƙanƙara. Ya haɗa ta ya ɗaga bakinta sama ya harba don kiran sauran mazan, ta tashi. Ya sake, ta sake tashi, ƙarar ta bi kwarin ta dawo. Ya jujjuya ƙotar yana duba ramukan haƙora a jikin robar, ya daɗe yana dubawa, ya ce da itace ce da ta tsage.

Mota tana jira a bakin gada. Kafin la'asar suna asibitin At-Bashi. Aka yi masa allura a kewayen yaguwar da kuma a dantse, aka faɗa masa ranakun da zai dawo a ƙara. Likitar, wata yarinya sa'ar Gulzat, ta ce sun zo da wuri, wankin ma ya taimaka ƙwarai. Turdukan ta tambaye ta ko tana da tabbas. Likitar ta ce kusan.

A Kara-Bulak an yanke hukunci tun kafin su dawo. Ga shi an gani: bindigar zamani ta ƙi tashi sau uku, shebur ne ya ceci yaro. Mederbek bai gyara wa kowa ba. Aka yi ta jiran Shailo ya fito ya karɓi nasararsa, amma duk sanda aka ɗauko zancen sai ya ce gwiwarsa na ciwo, ya tashi. Da aka matsa masa wata rana a bakin shago, ya ce tsohuwa da sabuwa duk ƙarfe ne, kowacce abin da aka zuba mata take ci. Mutane suka ce tsufa ya fara taɓa shi.

Mederbek ya je ya karɓi allurorinsa duka, ya koma kan dawakinsa. Yaguwar ta warke ba tabo. Amma Turdukan ta san ciwon ba ya gaggawa, yana iya kwanciya a jiki wata da watanni, ta kuma san ta inda yake fara nunawa: mutum ya ga ruwa yana so, maƙogwaronsa ya ƙi. Don haka kowace safiya, kafin shayi, sai ta ɗebo ruwa a kwano ta ajiye a gabansa, ta koma gefen murhu tana gyara wutar da ba ta bukatar gyara. Bai taɓa tambayarta dalili ba. Yakan ɗaga kwanon ya shanye da ƙara, ƙwat-ƙwat, ya dire shi da ƙarfi yadda za ta ji.

Ana gab da narkewar ƙanƙara ya tashi da zazzaɓi. Ya fito daga ɗaki idanunsa jajaye, ya zauna yana dafe da wuya, ya ce hasken taga yana damunsa. Gulzat ta ce jiya ya jiƙe a rafi wajen ciro ɗan doki, mura ce. Turdukan ta ɗauko kwano. Ta ɗebo ruwan, sai da ta riƙe kwanon da hannu biyu kafin ya kai gabansa bai zube ba. Wannan karon ba ta koma murhu ba.

Ya dubi ruwan, ya ɗan ture kwanon da bayan hannu.

“Anjima, Apa. Maƙogwarona kamar an zuba ƙaya.”

Ta mayar da kwanon gabansa.

Ya ɗago ya ga fuskarta. Gulzat ta tsaya da butar shayi a hannu, ba ta zuba ba, ba ta ajiye ba. Ya ɗauki kwanon ya kai baki. Ya kurɓa, ya riƙe ruwan a kumatu, ya runtse ido. Turdukan tana kallon ƙashin maƙogwaronsa. Ya tsaya cik, sannan ya hau, ya sauka. Ya yamutsa fuska don zafi, ya sake kurɓa, ya haɗiye, a hankali a hankali har ya ga gindin kwanon. Ya juya shi ya nuna mata.

“Mura ce,” in ji shi, da dusasshiyar murya. “A dafa mini madara da kitse.”

Ta ce to. Ta ɗauki bokiti ta fita turke. Ta zauna a kan ɗan kututturen tatsa, ta kama hantsar saniyar, yatsunta suka ƙi matsewa. Ta jingina goshinta da cikin saniyar, mai ɗumi, yana hawa yana sauka, ta zauna haka. Ɗan maraƙin ya gaji da jira, ya zagayo ta ɗaya gefen ya fara tsotso, ta bar shi.